Fuskokin wasan Girkawa a wani shagon Tudun Wada: a sayi ta akoko, ta bango a bar ta a bango

A bayan Kasuwar Barci, cikin layukan Tudun Wada a Kaduna, akwai wani ɗan shago da asalin sana'arsa kayan kwalliyar wurin biki ne da yanka haruffan allon talla, amma ya ƙara da yin fuskokin wasan kwaikwayo, wato abin rufe fuska da ɗan wasa ke sawa. Masu zuwa saye galibi malaman adabi ne na sakandare, da ɗaliban manyan makarantu da aka ɗora wa gabatar da wasan tsoffin Girkawa a ƙarshen zango, sai ƙungiyoyin wasan daɓe jefi-jefi. Iri huɗu ake yi a wurin: ta garin POP, ta fiba, ta yadin akoko da gam, da wata ta kwali mai araha da ake haɗa wa 'yan amshi. Ana sayarwa, ana kuma ba da haya.

Hannun mai shagon yana da kyau, wannan babu ja. Fuskarsa ta akoko za ta hau kowane dandali a Arewa ba ta ba da kunya ba. Sai dai ba ita yake fara miƙo wa mai saye ba, kuma in ba a zo masa da bayani dalla-dalla ba, abin da hannunsa ya saba zai yi. A nan kuɗin makarantu da dama suke salwanta.

Da an shiga, samfuran da ke rataye a bango ne ke ɗauke ido: baki a wangale kusan zuwa kunne, gira a murtuke, gashi an tara shi tsororo a bisa goshi. Daga intanet aka kwafo su, kuma ba ƙage ba ne, akwai irinsu na dutse da na yumɓu a gidajen tarihi na Turai. Amma ba na zamanin da aka rubuta wasannin ba ne. Manyan marubutan wasan alhini uku, Iskilus da Sofokilis da Yurifidis, a birnin Atina suka yi aikinsu cikin ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wasa mafi tsufa da ya iso mana cikakke shi ne Farisawa na Iskilus, na shekara ta 472 kafin Miladiyya, biyun ƙarshen kuma sun rasu wajen 406. Fuskar da aka sa a wancan lokacin ko ɗaya ba ta tsira ba, saboda da yadin lilin da aka ƙandare da gam aka fi yin su, wasu da fata ko itace mara nauyi, duk ƙasa ta cinye. Shaidar da ta rage zane ne a jikin tukwane. Wadda ta fi shahara ita ce tukunyar Furonomos da ke gidan tarihi na Nafoli a Italiya, ta wajen shekara ta 400, inda aka zana 'yan wasa sun tuɓe fuskokinsu suna riƙe da su a hannu. Fuska ce irin ta mutane, baki a ɗan buɗe, ta rufe kai gaba ɗaya har ƙeya, gashi a haɗe da ita. Tsororon gashin nan da wangalallen baki sun shigo ne daga ƙarshen ƙarni na 4, Romawa kuma suka ƙara musu gishiri.

Malamin da burinsa kawai yara su yi wasa ranar rabon kyaututtuka zai ce ina ruwansa da ƙarni. Akwai ruwansa. Sarki Kiriyon a wasan Antigoni na Sofokilis yakan shigo yana ji da kansa, ya kafa doka, ya dawo a ƙarshe ɗauke da gawar ɗansa, kuma fuska ɗaya ce a kansa tun farko har ƙarshe. Idan an riga an sassaƙa mata kuka, shigowar farko ta mutu. Idan fushi aka sassaƙa mata, fitar ƙarshe ta mutu. Fuskar da aka bari a sake, ba murmushi ba ɗaure gira, ita ce ke canzawa da motsin wuya: ɗan wasa ya ɗaga haɓa ta nuna isa, ya sunkuyar inuwa ta sauka a idanu ta nuna karaya. Ga kuma batun nisa. Gidan wasan Efidawurus da aka gina a ƙarni na 4 yana da layin kujeru 55, yana cin mutum wajen 14,000. A zauren taron makaranta kuwa layin gaba bai fi mita uku daga 'yan wasa ba. Abin da aka zuzuta don na can ƙurya ya hango, a nan kusa dodo yake zama, kuma da 'yan aji ɗaya sun fara ihun dodo wasan alhini ya tashi daga aiki.

Wuri ɗaya ne samfuran bangon suke da hujja. Wasan barkwanci irin na Aristofanis tun a ƙarni na 5 fuskokinsa masu muni ne da gangan, faɗin baki da ƙaton hanci. Mai shirya wasansa na Kwaɗi ko na Tsuntsaye zai iya ɗauka daga cikinsu, sai dai ya sani 'yan amshin barkwanci 24 ne, kuma rubutun yana da batsar da sai an yi mata aski kafin ta shiga makaranta.

A shagon ana kare babban bakin da cewa yana ƙara murya, har akan liƙa wa wasu ɗan mazurarin roba daga ciki. Tsohuwar magana ce da ke yawo a littattafan makaranta, amma ba ta tsaya ba. Mazurari mai tsawon santimita biyu ko uku ba ya ƙara komai, sai ma ya riƙa bugun leɓe yana cinye baƙaƙe, musamman b da f da m. Abin da ke kai murya nesa a Girka shi ne gangaren dutsen da aka jera kujeru a kai, da daɓen fili mai mayar da sauti, da ginin da ke bayan 'yan wasa, sannan horon 'yan wasan kansu. A 2007 masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka sun nuna cewa matakalan farar duwatsun Efidawurus suna tace ƙaramar ƙara irin ta iska da gunagunin jama'a, su bar muryar ɗan wasa ta wuce. Babu fuskar da za ta yi wannan aiki a ƙarƙashin rufin kwano. Abin da za a nema wurin mai shago shi ne kada fuskar ta toshe muryar: a bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin leɓen yaro da cikin fuskar, buɗewar bakin ta kai faɗin santimita 5 zuwa 6, tsayinta 2 zuwa 2 da rabi, kuma ta yi daidai da bakinsa, ba ƙasa da shi ba. In za a sa makirfo, a maƙala shi a wuyan riga ta waje. Wanda aka cusa cikin fuska numfashi da gurnani kawai zai kwaso.

Ta POP ita ce ta fi kyau a ido, ita ce kuma ba ta da amfani a dandali. Wadda ta rufe kai duka kan haura kilo ɗaya, wuyan yaro ɗan shekara 15 ba zai ɗauke ta awa guda ba. Tana shan gumi ta yi laushi a haɓa, ta faɗi sau ɗaya ta tsage. Ga malamin da ke son abin nunawa a aji, ko na ratayawa a ɗakin karatu, ta wadatar kuma ba ta da tsada. Gargaɗi ɗaya: kada a yarda a kwaɓa POP a zuba kai tsaye a fuskar ɗalibi da sunan ɗaukar awo. Yana ɗaukar zafi yayin da yake daskarewa, yana iya ƙona fata, yana kuma kama gira. Awo da tef ya isa.

Ta fiba ba ta fashewa, shi ya sa masu haya suka fi son ta. Amma a juya ta a duba cikinta a rana: za a ga ƙananan zaruruwan gilashi suna ƙyalli a gefen ido da ƙarƙashin hanci, inda sanfefa ba ta kai ba. Su ne ke sa ƙaiƙayi da jan kumatu bayan minti goma. Warin sinadarin da ake haɗa ta da shi yakan yi makonni bai fita ba, mai asma kuwa kada ma ya gwada. Murya a cikinta tana dawo wa mai magana da ƙarfi, sai ya zaci yana ɗaga murya alhali na waje ba sa jin sa. Wanda ya riga ya saya, ya sa a goge cikin sosai, a shafe da banish, a liƙa yadin auduga, a shanya ta a inuwa mai iska aƙalla mako biyu.

Ta akoko ita ce aikin gaske, kuma ita ce ta fi kusa da abin da Girkawan suka yi. Ana fara gina siffar da yumɓu a kan wani kai na katako, a shafe ta da baselin. A yayyaga akoko, ba yankawa da almakashi ba, domin yagaggen gefe ya fi narkewa cikin ɗan'uwansa. Faɗin kowane ƙyalle kamar yatsu biyu. A dama farin gam na kafintoci kashi 2 da ruwa kashi 1, a tsoma, a tatse da yatsu, a shimfiɗa. Shimfiɗa ta farko a tsaye, ta biyu a kwance, haka har huɗu, gefuna da kewayen ido da baki kuma har shida. Kowace shimfiɗa sai ta bushe ƙarau kafin a ɗora ta gaba: da hunturu 'yan awoyi ne, da damina yini guda cur. Bayan an ɓamɓaro ta daga yumɓun sai a shafa garin alli da aka dama da gam sau biyu ko uku, ana gogewa da sanfefa mai laushi, sannan fenti. Wadda aka yi haka, da gashinta da komai, ba ta wuce giram 300 zuwa 400, tana numfashi, kuma in ta faɗi tsalle take yi.

Inda shagon ke sakaci shi ne lokacin da aiki ya taru. Sai a rage shimfiɗa zuwa uku, ko a ɗora sabuwa a kan ɗanya, ko a sirka gam da sitacin rogo. Ranar karɓa ba za a gane ba sai an gwada. A danna kumatun da babban yatsa: mai kyau za ta lotsa kaɗan ta dawo, mai algus za ta zauna a lotse ko ta yi ƙara. A ɗaga ta saitin rana a leƙa ta ciki: duk inda haske ya keto da yawa, wurin ya yi siriri. A sansana: tsami alama ce ta ɗanyen ciki, kuma nan da wata guda za ta yi furfura. Mai sitaci kuwa abincin kyankyaso da ɓera ce. Mai shagon yana karɓar gyara ba gardama idan an nuna masa a nan take, amma in an kai makaranta an dawo, magana ta canza.

Babban kuskuren tsarin shagon a kan 'yan amshi yake. Ana zuba ƙwarewa a fuskokin manyan 'yan wasa, su kuma a yi musu ta kwali, rabin fuska, da robar wando a ƙeya, wai ai su taro ne. A wasan Girkawa lissafin a juye yake. Antigoni layi 1,353 ne, 'yan amshi suna shigowa a layi na 100, ba su kuma sake fita sai an tashi. Su ke waƙa, su ke rawa, su ne suka fi kowa daɗewa cikin fuska, fiye da awa guda ba hutawa. A Atina ma su ne babban kashin kuɗi, har gwamnati kan ɗora wa wani attajiri nauyin horar da su da tufatar da su. Wanda ya ɗauki nauyin Farisawa a 472 shi ne Ferikilis, tun yana matashi kafin ya zama jagoran birnin. Kwali kuwa minti ashirin na gumi ya ishe shi ya saki a goshi, fenti ya gangaro, robar ta tsinke ko ta ci bayan kunne. A sa a yi musu ta akoko su ma, shimfiɗa uku da ƙarfafa gefe, daga yumɓu ɗaya tunda dattawan gari ɗaya suke wakilta. Yin su daga siffa ɗaya yana sauke farashin kowace sosai, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi ciniki. In kuɗi bai kai ba, gara a rage yawansu. Iskilus da 12 ya yi aiki, Sofokilis ake danganta wa mayar da su 15. Goma sha biyu masu kyau sun fi sha biyar masu narkewa.

Kafin a je shagon a zauna a yi ƙidaya da littafin a hannu, don mai shagon bai karanta wasan ba kuma bai ce ya karanta ba. Antigoni na da masu magana takwas: Antigoni, Ismini, Kiriyon, mai gadi, Haimon ɗan sarki, Tirisiyas, mai kawo labari, da Yuridisi matar sarki. Da 'yan amshi 15 ya zama 23. Dogarai da yaron da ke yi wa makaho Tirisiyas jagora ba sa magana, ana iya barin su haka. Wasan Sarki Idifus shi ma masu magana takwas ne, amma fuska tara ake buƙata, domin Idifus yakan shiga gida ya tsiyaye idanunsa ya fito da wata fuskar mai jini a kumatu. Wannan ta tara ce ake yawan mantawa sai ana gobe wasa. Girkawa ba sa nuna kisa ko tsiyayar ido a gaban jama'a, mai kawo labari ne ke zuwa ya bayyana, don haka fuskarsa ita ce ta fi kowace buƙatar sakin baki; jawabinsa dogo ne kuma da sauri.

Su mutanen Atina maza uku kacal ke raba duk waɗannan matsayi, har na mata, suna shiga rumfar katakon da ke bayan fili suna sauya fuska da riga. Tesfis, wanda ake cewa ya ci gasar farko wajen 534, shi kaɗai ne yake amsa wa 'yan amshi. Iskilus ya ƙara na biyu, Sofokilis na uku, kamar yadda Aristotal ya rubuta. Makaranta mai ɗalibai da yawa ba dole ta bi wannan ba. Amma ɗaliban jami'a da ke son gwada tsarin na asali su lura da maɗauri. Idan mai fitowa a Antigoni shi ne zai fito a Haimon, tsakanin fitar Haimon cikin fushi da sake shigo da Antigoni layi kusan 40 ne, minti biyu zuwa uku. Igiyar da shagon ke sawa ana ƙullawa a ƙeya ba za ta yi ba, hannu na rawa, gumi ya jiƙa ƙulli. A nemi a yi fuskar ta zauna a kai da kanta, da faffaɗar roba mai faɗin santimita 3 a ɗinke ta ciki daga kunne zuwa kunne, da ɗan maƙale-mata a ƙarƙashin gashin ƙeya. Sannan fuskokin da mutum ɗaya zai sa duka da awon kansa za a yi su, ba da na wanda ya je saye ba.

Awo huɗu ake buƙata ga kowane ɗan wasa: kewayen kai ta saman gira, daga tsakar kai zuwa ƙarƙashin haɓa baki a buɗe, tsakanin ƙwayar ido da ƙwayar ido, da daga tsakanin idanu zuwa tsakiyar leɓe. Kewayen kan ɗaliban sakandare yakan faɗa tsakanin santimita 53 da 58, tsakanin idanu kuma 6 zuwa 6 da rabi. Shagon na da kan katako guda biyu ne kawai, babba da ƙarami, saura da soso ake cikewa, don haka a tabbata an rubuta sunan kowa a cikin tasa. 'Yan mata a auna su da kitson da za su yi ranar wasa da ɗan ƙaramin hijabin da za su sa a ciki, wanda kan ƙara santimita 2 zuwa 3. Wannan ma wata fa'ida ce ta fuska mai rufe kai duka: gashin yarinya ba ya fita, gashin da jama'a ke gani na fuskar ne.

Ramin ido a shagon yakan yi ƙanƙanta, don an bi zanen tukwane da ke nuna an fente farin ido an huda ƙwayar kaɗai. Ƙwararren ɗan wasa zai iya, ɗalibi ba zai iya ba. A faɗaɗa zuwa santimita 2 da rabi, a ɗan ja shi ƙasa don ya ga inda yake takawa, a fente gefen ramin da baƙi ta ciki. Ko da haka ganin gefe ya tafi, saboda haka a manna farin tef a bakin dandali da kan kowace matakala. Hujin hanci biyu ba sa isa a watan Afrilun Kaduna. A ƙara wasu ƙanana a ƙarƙashin haɓa da cikin gemu. Abin da ba a taɓa tunawa shi ne kunne. Fuskar ta rufe shi, 'yan amshi ba sa jin juna, waƙa ta rarrabe. Huji uku ko huɗu a saitin kowane kunne, gashi ya rufe su, sun magance wannan. Soson ciki kuma a goshi da ƙashin kumatu kawai za a sa, kada ya taɓa haɓa, in ba haka ba duk buɗe baki fuskar za ta yi sama.

Fenti a nemi wanda ba ya sheƙi. Mai shagon ya saba da kayan biki, hannunsa na saurin kai wa ga mai ƙyalli, shi kuwa a ƙarƙashin fitila ko rana walƙiya yake yi ya shafe kamannin. Al'adar Girkawa ita ce fuskar mace ta yi haske, ta namiji ta yi duhu, don a bambance daga nesa. Ba lallai a yi farar alli ba. Launin ƙasa mai haske da mai duhu sun raba, sun kuma fi zama daidai da hannuwa da wuyan yaranmu. Wani marubuci na ƙarni na 2 Miladiyya, Yuliyus Folukus, ya lissafa fuskokin alhini iri 28 da na barkwanci 44, kuma abin da ya raba su galibi shekaru ne da launin fata da yanayin gashi. Da irin wannan harshe ya kamata a ba da aiki: dattijo mai furfura da dogon gemu, magidanci mai baƙin gemu, saurayi ba gemu, budurwa, bawa mai guntun gashi. Wajen gashi shagon ya burge. Zaren rama da aka taje aka rina ya fi gashin roba na kanti sauƙi da kyan gani, ulu kuma ya yi wa gemun dattawa. A tabbata ɗinke shi aka yi jere-jere, ba manna shi da gam ba.

Sauran kayan da ake tallatawa tare da fuskokin ba sai an daɗe a kansu ba. Rigunan sun yi: doguwa har idon sawu, mai hannu, irin wadda kowane tela zai iya. Takalman masu tudun katako a bar su. Su ma na zamanin baya ne, 'yan wasan ƙarni na 5 takalmin fata mai laushi suke sawa, kuma yaron da ba ya ganin ƙafarsa ba a ɗora shi a kan tudu. Huffi na kasuwa ya fi kusa da na asali. Kiɗa kuma, maimakon sautin da ake saukowa daga waya, a nemi mai algaita. Abin busar da ke raka 'yan amshin Girka bututu biyu ne masu harshen kara, dangin algaita ne ta fuskar yadda sauti ke fita, mai busar kuma ba ya sa fuska. Sai dai a zaunar da shi nesa kaɗan a roƙe shi ya sassauta, don algaita ba ta san zauren makaranta ba.

Haya tana da sauƙin kuɗi amma yawancin na hayar fiba ne da kwali. Wanda zai karɓa ya sa a cire tsohon soso a sa sabo, a goge ciki da sifirit, saboda gumin wani da ƙurajensa na nan. A ɗauki hoton kowace kafin a fita da ita, don rigimar wa ya tsaga kan taso ranar mayarwa. Ga makarantar da ke yin wasa duk shekara saye ya fi: fuskokin dattawan Antigoni su ne dai za su yi dattawan Idifus, duk garin Tibis ne. Farashin ta akoko ya fi na POP, yana kusa da na fiba, kuma yana motsi da kuɗin gam da yadi a kasuwa, don haka a rubuta abin da aka daidaita a takarda. Ana neman rabi kafin alƙalami. Shawara ita ce a biya kuɗin guda ɗaya tak, a karɓa, a sa wa yaro ya karanta dogon jawabi da ita a filin makaranta, wani ya tsaya mita 20 ya saurara, sannan a ba da sauran aikin.

Alkawarin lokaci shi ne raunin shagon na biyu, musamman daga Nuwamba zuwa Disamba da bukukuwa ke yawa kuma aikin kwalliya ya fi kawo masa kuɗi. A ba da aiki mako takwas kafin wasa, a ce ana so a mako na huɗu. Ba don jin daɗi ba ne: yara na buƙatar aƙalla mako uku suna gwaji da fuskar a kai. Sai sun koyi juyo da kai gaba ɗaya wurin jama'a in za su yi magana, su daina gyaɗa kai barkatai, su bar taɓa fuskar da hannu, wanda ba ya magana kuma ya tsaya cik don a san daga ina murya ke fitowa. A fara da minti goma a rana a riƙa ƙarawa. Fuskar da ta iso ana jibi wasa gara a bar ta a kwali a yi wasan haka.

Akwai maganar da ta kamata a gama da ita tun kafin kuɗi ya fita. Waɗannan wasanni a bikin Diyonisus ake yin su, abin bautar Girkawa na inabi da giya, wajen ƙarshen watan Maris, a gangaren kudu na dutsen Akrofolis, kuma waɗanda suka ci gasa kan rataye fuskokinsu a ɗakin bautarsa. Tarihi ne, a faɗa wa ɗalibai shi yadda yake. Amma a Kaduna akwai iyaye, Musulmi da Kirista, da ba za su so a sa wa ɗansu surar mutum a fuska ba, kuma shugaban makaranta ba zai so ya fara jin haka ranar taro ba. A sanar da hukumar makaranta da iyaye da wuri. Inda ba a amince ba wasan bai mutu ba: gemun auduga irin wanda 'yan tashe ke liƙawa a Tsoho da Gemu, da rawani da mayafi da sanda, sun isa su nuna wane ne dattijo wane ne sarki. Haka wanda zai shirya wasan marubucin Najeriya Ola Rotimi na 1968, da ya ɗauko labarin Idifus ya dasa a ƙasar Yarbawa, ba ya buƙatar fuskar Girka ko ɗaya, kayan sarautar Yarbawa zai nema.

Ajiya ba a shagon ake koyar da ita ba, ga ta. Bayan wasa a cire soso, a goge ciki da ƙyalle mai ɗan danshi, a shanya a inuwa yini biyu. A cusa takarda a ciki don kada ta lanƙwashe, a sa kowace a jakar yadi, ba leda ba, domin leda na riƙe raɓa da damina. A ɗora su a saman kabad nesa da bango saboda gara, a jefa ƙwayar kafur a kwalin. Da hunturu allin saman kan yi ƙananan tsaga a gefen baki da hanci. Garin alli da gam kaɗan a kan yatsa, a bari ya bushe, a goge, a taɓa da fenti. A roƙi mai shagon ya zuba ragowar fentin kowace fuska a ƙaramar kwalba ya haɗo da kayan, don haɗa launin daga baya ba ya taɓa fitowa daidai.